Ƙudajen zuman da ba su da amya: aikin hoto a gonar Shika

8 Yuni 2024

To bismillah. Na daɗe ina cewa zan fara rubuta aikin nan da kwanan wata, don hotunan sun fara yawa kuma in na koma kansu bayan wata biyu sai in rasa a ina na ɗauka, a kan wane fure, da ƙarfe nawa, alhali su ne abin da masu tantance sunan ƙwari a intanet ke fara tambaya. Aikin dai shi ne duk wani ƙudan zuma na daji da ke shigowa 'yar gonata ta hanyar Shika da kuma lambun bayan gida a nan Samaru in ɗauke shi hoto na kusa-kusa, in nemo sunansa na kimiyya, in kuma tambayi dattawa sunan da suke kiransa da shi. Sauran ƙwari in sun shigo gaban kyamara ba zan kore su ba, amma ƙudajen ne a gaba.

Kabewa ce ta jawo min wannan. Bara na shuka ta a gefen gona, ta yi yaɗo ta yi fure sosai amma 'ya'yan sai su fito kaman ƙwan kaza su yi rawaya su zube. Da na bincika ashe ita kabewa furenta biyu ne, akwai namiji akwai mace a jikin yaɗo ɗaya, kuma in ba a samu ƙwaron da ya kwaso garin namijin ya kai wa macen ba to babu ɗa. Na fara zuwa da sassafe ina tsugunawa in ga su wa ke shiga furen, sai na ga ba ƙudan zuman da na sani ne kaɗai ba, akwai wasu ƙanana baƙaƙe, akwai masu zane a ciki, akwai wani ƙato da ke girgiza furen gaba ɗaya in ya sauka. Daga nan na karanta cewa irin ƙudan zuma a duniya sun haura 20,000, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, ba su da amya, mace ɗaya ce ke haƙa raminta a ƙasa ko a itace ta tara garin fure ta yi ƙwai ta toshe. Shekarata nawa ina noma ina wuce su ina cewa ƙwaro.

Kayan aiki: kyamara Nikon D3200 ta hannu, da wani tsohon lensi 50mm mai zoben buɗe ƙofar haske a jikinsa, da zoben da ake juya lensin a ɗaura shi baibai. Shi kenan.

23 Yuni

Bayan Sallah na samu na zauna da kyamarar sosai. In ka juya lensi baibai kyamarar ba ta ma san da shi ba, babu fokas na kanta, babu awon haske, komai da hannu, har filashar da ke kanta sai ka sa mata ƙarfi da kanka. Fokas ɗin kuwa da jikinka za ka yi, ka matso sai ƙwaron ya rage kaman faɗin tafin hannu da bakin lensi, sannan ka riƙa yin gaba da baya a hankali kana riƙe numfashi, da zarar idon ƙwaron ya fito tar sai ka danna. Wurin da ke fita sarai bai fi kaurin farce ba, in ido ya fita fiffike ya dushe, in fiffike ya fita ido ya tafi.

Na tsaya a f/11, wato ƙofar haske a tsuke, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa don nan ne iyakar da filashar ke bi, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, 200. Matsalar f/11 ita ce cikin madubin dubawa yana yin duhu sosai tunda ƙofar a tsuke take tun kafin ka danna, in ba rana ta fito ba da ƙyar kake ganin abin da kake nema.

Filasha tsirara ba ta yi, baƙin ƙwaro mai sheƙi sai ya fito da farin tabo kaman an ɗiga masa fenti. Na yanka farar robar tekawe na huda ta na zura a bakin lensi yadda za ta tare hasken, na liƙa tishu biyu a bayanta. Bambancin wallahi kaman dare da rana, gashin jikin ƙwaro ɗaya-ɗaya ya fito.

Yau hoto 214, waɗanda na ajiye 9. Duk na ƙaton baƙin nan ne mai huda itacen rumfa, a kan furen zogale da na tumfafiya. Xylocopa sunan gidansu, wato sunan zuriyarsu a kimiyya.

13 Yuli

Na yi kuskuren da ya koya min abu. Na ɗora wani hoto a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hoton halittu a tantance sunansu, na rubuta ƙudan zuma, don mai ruwan zuma ne da zane a ciki kuma a kan fure na same shi, ba a yi awa uku ba wani ya gyara ya ce ƙuda ne zalla, na dangin Syrphidae masu kwaikwayon kamannin masu harbi don tsuntsu ya ji tsoronsu. Na koma na buɗe hoton a kwamfuta na ƙura masa ido, kuma gaskiyarsa. Fiffike biyu ne kacal, shi kuwa ƙudan zuma huɗu gare shi ko da yake na gaba da na baya suna maƙale da juna sai ka lura. 'Yan ƙahonnin kansa gajeru ne kaman an datse, na ƙudan zuma dogaye ne masu gwiwa. Ido ya cinye kan duka. Ƙafar baya siririya babu wurin ɗaukar gari.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka, kowane ƙwaro in dai ya tsaya sai na nemi hoto huɗu: fuska, gefe, baya daga sama, da fiffike yadda jijiyoyinsa za su fito. Jijiyoyin nan su ne kaman zanen yatsa, akwai wasu 'yan ɗakuna a gaban fiffike da ake ƙirgawa, wasu gidajen biyu wasu uku. Akwai wani littafi na kyauta da ya fito 2010 a kan gidajen ƙudan zuma na Afirka kudu da Sahara, na sauke shi a waya, da shi nake bi layi-layi, turancinsa da nauyi amma hotunan suna taimako.

Yadda na fahimci sunayen nan na kimiyya shi ne kowane ƙwaro na da suna biyu, na farko sunan gida na biyu sunan yanka. Da hoto yawanci sunan gida kake samu, sunan yanka kuwa sau da yawa sai an sa shi ƙarƙashin madubin likita. Masu tantancewar ma a nan suke tsayawa a yawancin nawa, kuma na lura hotunan da ake ɗorawa daga wannan yankin namu kaɗan ne ƙwarai in ka duba taswira, Afirka ta Kudu cike da ɗigo, mu nan fili fetal.

21 Yuli

Ruwa tun asuba, ban je gona ba. Na zauna a zaure na ɗauki zanzaro tana gini a kusurwar taga, tana zuwa da ɗan curin laka a baki tana shafawa tana wani ƙara siriri. Baƙa ce da rawaya a ƙugu da ƙafafu, ƙugun kaman zare, dole a ce wa mai cusa riga a wando ya yi zanzaro. Sceliphron ce. Wani tsohon ɗaki nata da ya fashe na leƙa, cike da ƙananan gizo-gizo da ta harba ta sumar ta ajiye wa ɗanta. Na hana yara kankare ginin.

18 Agusta

Yau ce ranar da na fi jin daɗi tunda na fara.

Na kwana a ƙauye saboda za a yi min banƙasa da sassafe, to bayan sallar asuba gari ya ɗan waye sai na zaga ta iyakar gona ta gabas inda ciyawa ta yi tsawo tsakanina da maƙwabcina, raɓa ta jiƙa min wando har gwiwa. A jikin wani busasshen karan ciyawa na hango wasu 'yan dunƙule-dunƙule a jere, na ɗauka 'ya'yan ciyawar ne, da na matsa sai na ga ƙudajen zuma ne guda bakwai suna barci. Kowanne ya ciji karan da baki ya saki ƙafafunsa, ya naɗe su a jiki, wato da haƙoransa kaɗai yake rataye, fiffike a kwance, raɓa ta yi musu ɗigo-ɗigo a gashin baya. Ba mai motsi. Waɗannan su ne masu farin zane a ciki da nake bi tun Yuni ban taɓa samun hoto ɗaya mai kyau ba, don da rana kaman harsashi suke, su tsaya cak a iska gaban fure su zura dogon harshe kafin ka ɗaga kyamara sun ɓace.

Na durƙusa a cikin raɓar nan na kusa minti arba'in. Na kama ƙasan karan da hannun hagu na ɗora bakin lensi a kan wannan hannun, yadda in na motsa mu motsa tare, wannan dabarar ta fi komai yi min amfani zuwa yanzu. Na samu fuska, kuma fuskar ce abin kallo, akwai wani fari-fari mai ruwan ƙwai a goshi zuwa leɓe kaman an shafa masa, idanun kore-kore masu ɗigo a ciki. Na samu fiffike da ɗakuna uku sarai. Na ƙirga gaɓoɓin ƙaho a hoto guda biyu da suka fita, 13, wato maza ne, mata 12 gare su. Haka abin yake, matan suna kwana a ramukansu na ƙasa ko na jikin tsohuwar katanga, mazan ba su da ɗaki sai su taru su kwana a kara. Kuma namiji ba ya harbi, a duk ƙudajen zuma mace ce mai ƙari.

Da rana ta taɓa karan sai na farkon ya fara karkaɗa jiki, ya sauke ƙafa, ya share ido da ƙafar gaba, ya tashi. Cikin minti biyar ba ko ɗaya.

Amegilla ne sunan gidan, mutum biyu sun tabbatar min daren nan. Na kafa ɗan tsinke na ɗaura leda a wurin don in gane karan.

31 Agusta

Suna nan. Sau uku na koma da magariba, kara ɗaya suke dawowa, ranar Laraba tara na ƙirga. Kafin su kwanta sai sun yi ta ture juna da ƙafa, wanda ya zo daga baya yana neman wuri na kusa da shi yana harbin iska.

Da safe kuma na gano inda matan ke aiki, a kan tafasa. Kawu na zaune a kan kunya yana kallona sai ya ce, kai ɗan nan me kake saurare a jikin tafasa kaman mai jiran waya. Na ce Kawu zo ka ji da kunnenka. Ya taso ya sunkuya, sai ga ɗaya ta sauka ta rungume tsakiyar furen ta lanƙwashe, ƙarar ta canza daga vuuu ta koma wani ziiit siriri mai kaifi, daƙiƙa ɗaya ko biyu, gari ya yi tsartuwa a cikinta. Na ce masa furen tafasa da na rai-ɗore da na gauta da tumatir garinsu a cikin 'yar jaka yake mai ƙaramar huda a baki, ba ya fita sai an girgiza, ita kuma tana girgizawa da naman ƙirjinta ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ƙudan zuman amya bai iya wannan ba sam. Kawu ya yi shiru can ya ce, ikon Allah, shekara saba'in ina jin kukan nan ban taɓa tambayar na mene ne ba.

Na tambaye shi sunanta, ya ce su dai duk wanda ba na amya ba in ƙarami ne mai shiga ido galla suke cewa, akwai kuma rakuwa, sauran kuwa ƙwaro ne. Ya ce mahaifinsa da ya yi sana'ar ɗaura amya ya fi shi sanin waɗannan. Wannan maganar ta tsaya min a rai, don mai sanin ya tafi da abinsa. Na buɗe shafi daban a bayan littafin nan na sunaye, duk dattijon da ya faɗa min suna zan rubuta da garinsu da kuma hoton da na nuna masa.

14 Satumba

Uwargida ta yi ta ƙorafi wai wani abu na yanke mata ganyen fulawar da ke tsakar gida, yanka mai kyau zagaye kaman da almakashi. Na yi gadi ranar Asabar na kama mai yin. Megachile ce, ta sauka a gefen ganye ta yanka tana juyawa, ba ta fi daƙiƙa biyar ba ta naɗe guntun a tsakanin ƙafafu ta tashi da shi. Da shi take shimfiɗa ɗakin ɗanta. Ita ba a ƙafa take ɗaukar garin fure ba, a ƙarƙashin ciki ne, akwai gashi kaman buroshi, in ta cika shi sai ka ga cikin ya yi rawaya shar tana ɗaga shi sama. Na nuna wa uwargida hoton, ta ce to a bar ta amma kar ta gayyato 'yan uwanta.

Na samu guntun katako busasshe na kai wa kafinta ya huda min ramuka 30, daga milimita 4 zuwa 10, zurfin kusan tsawon yatsa da rabi, ban bari ya fasa ta baya ba. Na rataye a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya duka, na haɗa da damin karan dawa na bara da na yanka gajeru.

A wurin masu barci kuma an samu baƙo. Can ƙasan karan wani baƙi wuluk da tabo fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ma ya ciji kara yana barci. Kyakkyawa ne na gaske. Thyreus, kuma labarinsa shi ne macen ba ta tara gari ba ta haƙa rami, tana bin ramin Amegilla ne in mai ɗakin ta fita sai ta shiga ta yi ƙwai a kan abincin da aka tara. Ga shi yana kwana kara ɗaya da mazan gidan da yake ci.

28 Satumba

Ban so rubuta na yau ba.

Na iso gona wajen ƙarfe bakwai na tarar yaron maƙwabcina da tankin feshi a baya yana bin waken su, furen wake a buɗe, ƙudaje na kai. Iska kuma na kaɗowa ta wajena. Da na zaga iyakar gabas sai na ga ciyawar duk ta yi yaushi ta fara ja, ashe tun farkon sati sun bi ta da maganin ciyawa. Tsinkena da ledar na nan, karan na nan, ba kowa. A ƙasa tsakanin kunyoyin wake na tsinci ƙudan zuman amya guda shida, wasu sun mutu harshe a waje wasu na juyi a bayansu, da Megachile ɗaya cikinta cike da gari. Na ɗauke su hoto don a rubuce yake cikin aikin amma hannuna rawa yake.

Ban yi wa yaron magana ba, aike shi aka yi. Na bari sai da yamma na je gida na gaida baban, muka taɓa hira sannan na ce Baba alfarma na zo nema. Na nuna masa hoton masu barcin nan a waya, ya karɓa ya daɗe yana kallo yana matso da shi. Ya ce Malam na ji ka, amma in ban yi feshi ba tsutsa ba za ta bar min ko na miya ba, kai ma ka sani. Kuma gaskiya ya faɗa, tsutsar Maruca da ke shiga fure da kwanson wake ba wasa ba ce, duk wanda ya noma wake ya san ta, saboda ita ne ma cibiyar bincike ta IAR da ke nan Samaru ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019 wanda ke jure mata. Ni ban ce ya daina ba. Na ce Baba furen wake da safe yake buɗewa kafin azahar ya rufe, in aka bari sai bayan la'asar sakaliya aka fesa, ƙudajen sun tashi, iska ma ta kwanta maganin ba ya tafiya gonar wani, kuma rana ba ta ƙona shi. Ya ce wannan mai sauƙi ne, yaron ne ke son ya gama da wuri ya tafi kasuwa. Ya kira shi a gabana ya faɗa masa.

Maganar ciyawar iyaka kuma ya ce saboda maciji ne. Muka yi da shi cewa baɗi in Allah ya kai mu zai bar min taku biyu ta ɓangarena, ni zan riƙa sassabe ta da lauje in ta yi yawa.

Ba zan ɓoye ba ni ma shekarun baya da safe nake feshi.

19 Oktoba

Sati uku ina zagawa da magariba, ban sake ganinsu a kara ba. Mata biyu na gani a kan furen riɗi, to gidan bai ƙare ba. Ruwa ya ɗauke.

Katakon rumfa: ramuka 11 sun toshe. Huɗu da ganye, biyar da laka, biyu da wani abu mai danƙo kaman ƙaro da 'yan tsakuwa a ciki. Na sa wa kowanne lamba da biro na rubuta ranar da na gan shi a toshe. Akwai wata 'yar ƙwaro kore shar mai ƙyalli kaman ƙarfe da ke sintiri a bakin na lakar, in na matso sai ta dunƙule kaman ƙwallo. Dangin Chrysididae, ita ma a ɗakin wasu take ƙwai.

7 Disamba

Hunturu ya shigo, furanni sun yi ƙaranci, ƙura kuma ta shiga kyamara. Lensin baibai bayansa a buɗe yake, kuma yawan cirewa da mayarwa a gona ya sa ɗigo-ɗigo sun cika sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamarar, a f/11 kowanne sai ya fito. Na kai an goge, yanzu a ɗaki nake ɗaurawa in fita da ita a haka, in na gama in sa a leda.

Amma watan nan galla ta biya ni. Kawu ne ya aiko jikansa wai in zo ya ga abin da nake nema. A jikin tsohuwar katangar zaurensa ta ƙasa, a wata tsaga, akwai wani ɗan bututu da ya leƙo kaman guntun tsinken shan lemo, launin kaki, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. A bakinsa 'yan mitsi-mitsin kawuna a zagaye suna gadi, wasu na shiga wasu na fita. Tsawon kowacce kaman milimita uku, a lensin 50 ɗigo ce kawai, sai da na aro 28mm na juya shi, shi yana ninka girman kusan sau biyu amma sai ka kusa taɓa bututun kuma numfashinka ma na kawar da fokas. Na jingina kafaɗa da katangar na yi ta ɗauka, su kuma suna sauka a gefen idona da bayan kunne suna shan gumi, ba sa harbi don ƙarinsu ya shafe, sai dai damu.

A hoto ɗaya da ya fita, ga ta nan baƙa mai sheƙi, fiffike garau kusan ba jijiyoyi a ƙarshensa, a ƙafar baya ɗan curin gari fari. Wato duk ƙanƙantarta irin na amya take, tana da sarauniya da ma'aikata, sai dai zumarta ba a saƙa take ba, a 'yan tukwane na kaki take zubawa. Masu tantancewa sun ce Hypotrigona, ɗaya ya ce a duba Liotrigona ma, an tsaya a nan.

Kawu ya ce suna yara sukan fasa su sha, zumar ruwa-ruwa ce da ɗan tsami kuma ba ta cika cokali uku ba. Na ce Kawu wannan dai a bar min ita. Ya ce ai tun kafin a haifi uban yaron nan take wurin, ba mai taɓa ta, sai dai ana maganar rushe zauren a yi na bulo bayan an sayar da amfanin gona. Na roƙe shi in lokacin ya zo a sanar da ni kafin a sa diga.

25 Janairu 2025

Mangwaro ya yi fure kuma bishiyar bayan gida ta zama kasuwa. Abin da na lura a awa biyu da na yi a kan tsani: ƙudaje zalla sun fi kowa yawa, har da koren ƙudan nan na mahauta, sai galla, sai na amya jefi-jefi. Akwai wani Syrphidae da idonsa ke da ɗigo-ɗigo kaman ƙwan zabo, Eristalinus, wannan karon tun kafin in ɗora na san ƙuda ne. Tsutsarsa ita ce mai dogon wutsiyar nan da ake gani a kwata. Daga kwata zuwa furen mangwaro.

Na zauna na yi lissafi daren jiya. Abin da na ɗora 163. Na ƙudan zuma a ciki 71, gidajen da aka tabbatar guda tara, waɗanda suka kai ga sunan yanka uku kacal, ɗaya ma na amya ne, Apis mellifera. Akwai wasu ƙanana guda 14 da na ɗauka a kan bunun masara da kan dawa da sassafe a watan Agusta da Satumba, har yanzu ana kai da kawo, wani ya ce Lipotriches don su ne aka sani da kwasar garin ciyawa da hatsi, amma fiffiken bai fita a ko ɗaya ba. Sai damina.

Shafin sunaye na Hausa kuwa har yau layi biyar ne. Ina so in samu masu ɗaura amya na wajen Giwa in zauna da su da hotunan a buge a takarda, don dattawa ba sa jin daɗin kallo a waya.

15 Fabrairu

Rami mai lamba 7, ɗaya daga na ganye, na tarar da shi a buɗe da safe, an huda toshiyar daga ciki, 'yan ɓarɓashin busasshen ganye a ƙasa. Ban ga wanda ya fito ba. Sauran goman na nan, na samo 'yan kwalaben allura wankakku na kifa a bakin uku na liƙe da salatif, in wani ya fito in same shi in ɗauka in sake shi, zan riƙa dubawa safe da yamma don kar zafi ya kashe shi a ciki.

Jikan Kawu ya zo ɗazu, an kawo yashi da bulo an jibge a ƙofar gida, wai bayan azumi za a fara. Na yi magana da kafinta ya yi min ɗan akwati mai murfi da huda ɗaya a gaba. Abin da nake tunani shi ne a yanko ɓangaren katangar da gidan ke ciki gaba ɗaya da dare lokacin duk sun shiga, a toshe bututun da auduga, a ɗora a akwatin a kai inuwar rumbu. Gobe zan je in auna kaurin katangar in ƙwanƙwasa in ji iya inda ramin ya tsaya.